Lakar Kududdufi a Fadar Sabarga

A zamanin Sarki Mijinyawa, birnin Sabarga ba shi da ganuwa ta gabas, kuma ba wanda ya taɓa ganin bukatarta. Wani makeken tafki ne ya kwanta a nan, ana ce masa Ruwan Ciki, bayansa kuma teku. Tsakanin tafkin da tekun Allah ya shimfiɗa wani dogon tsibiri, ya bar ƙofa biyu kacal. Ta arewa sunanta Wuyan Raƙumi, siririya mai lanƙwasa da zurfi, ta nan jiragen fatake ke shigowa da gishiri da tagulla, su fita da hatsi da fata. Ta kudu kuwa Bakin Ƙwarya, ga faɗi amma ruwanta iya ƙugu, kwale-kwalen masunta kaɗai ke ratsa ta. Wanda duk ya riƙe Wuyan Raƙumi ya riƙe maƙogwaron Sabarga. Shi ya sa kakannin Mijinyawa suka sa maƙera suka ƙera wata sarƙa guda ɗaya, wadda sai mutum ɗari biyu ke iya janta, ana gitta ta a bakin mashigin idan yaƙi ya taso.

Sai dai ƙasan ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Kowace damina wani kogi na kwaso yashi daga tudu ya zube a tafkin, inda ke da zurfi bara ya cike bana, inda ke da tudu ya zaizaye. Saboda haka magabata suka kafa al'adar awon ruwa. Da damina ta ɗauke, Sarkin Ruwa zai tuɓe rawani da riga, ya ɗaura warki, ya ɗauki gorar awo ta gidansu, ya shiga mashigin nan biyu shi kaɗai, domin zurfin mashigi asirin ƙasa ne. In ya fito ba ya biyawa gida. Fada yake wucewa yadda yake, jiki na ɗiga, laka har gwiwa, ya tsaya gaban sarki ya faɗi abin da ya auna. Lakar nan ita ce shaidarsa. Kuma a dokar Sabarga babu bakin da ke faɗin zurfin ruwa a fada sai nasa, masuncin da ya yi karambani korarsa ake yi daga ƙasar.

Tunau ɗan Barmo ya gaji wannan sarauta yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. A tungar masunta ta Bakin Ƙwarya aka haife shi, amma da aka naɗa masa rawani sai ya tare a birni, ya koyi zaman fada da tafiyar manya, ya kuma ji daɗinsu ƙwarai. Shekarar farko ya yi awo yadda ya ga ubansa na yi. Lakar mashigi baƙa ce wuluk, ga wari, in ta kama fata sai ta kwana uku ba ta bari ba. Da ya shiga fada da ita, Waziri Shekarau ya ja hannun riga ya toshe hanci, wani daga baya ya ce yau kam tarwaɗa ta zo gaishe da sarki. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ubansa ya sha irin wannan shekara talatin bai ko ɗaga kai ba, amma Tunau ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da shekara ta zagayo, ranar awo ya fita da gora kowa na gani, ya zaga ta bayan gari, ya komo gidansa ta ƙofar baya. Akwai wani kududdufi nan inda ake haƙar ƙasar gini. Ya ɗebi lakarsa ya cuɗa da garin gawayi, ya shafa har gwiwa, ya kwara wa kansa ruwan tulu, ya je ya faɗi awon bara. Mutanen fada ina suka san laka daga laka? Waziri har yaba masa ya yi, ya ce an sami Sarkin Ruwa wayayye wanda ko lakarsa ba ta wari. Tunau ya ce a ransa bana kaɗai ce. Haka ya riƙa gaya wa kansa har shekara huɗu.

A shekara ta huɗun ne, ana cikin kaka, manzo ya iso daga masu tsaron gaɓar teku, ya faɗi gaban sarki yana haki. Ya ce Sarkin Tambagu, wanda ya daɗe yana ƙyashin mashigin Sabarga, ya tara manyan jirage sittin cike da mayaƙa, kuma in iska ta ba su baya kwana huɗu ya ishe su. Nan take aka buga tambari, majalisa ta haɗu a babban soro.

Sarkin Yaƙi Jatau ne ya fara magana, dogon mutum mai tabon mashi a kumatu, wanda shi da Waziri ba sa ga maciji. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gida mai ƙofa biyu muke tsaro. A gitta sarƙa a Wuyan Raƙumi, na yarda. Amma a ba ni kashi ɗaya cikin uku na maharba in kai Bakin Ƙwarya. Sarkin Tambagu ba yaro ba ne, ba zai tara jirgi sittin ya zo ya buga kansa a sarƙar da duniya ta san da ita ba. Akwai abin da ya taka."

Waziri ya gyara zaman alkyabbarsa ya ce, "Zaki, Allah ya ja zamaninka. Sarkin Yaƙi na son ya raba mana ƙarfi gida biyu don ya sami rundunar da ba ta ƙarƙashin idon kowa. Bakin Ƙwarya tun kaka da kakanni ruwanta iya ƙugu ne. Jirgin yaƙi zai tsiro ƙafa ne ya tako? Kuma ga bushara ta zo mana yau da safe. Masu gadi sun ga zalɓe kusan arba'in sun yi sahu a Wuyan Raƙumi, kowanne ya fuskanci teku kamar mayaƙa. Malamai sun duba, sun ce alama ce a nan Allah zai ba mu nasara."

Fadawa suka ɗauki kabbara. Tunau kuwa bai yi kabbarar ba. Ko ɗan masuncin da bai yi wayo ba ya san zalɓe ba ya iyo, da ƙafa yake tsayawa. Ya kuma tuna shekara biyu ke nan fatake na kukan gindin jirginsu na gogar ƙasa a mashigin, Waziri yana cewa haɗamarsu ce, kaya suke labtawa fiye da kima. Sai ya lallashi kansa, ya ce ai masu gadi ba su ce a tsakiya tsuntsayen suke ba, wataƙila a gefe ne.

Sarki Mijinyawa ba mai gaggawar magana ba ne. Ya bari soro ya yi tsit, sannan ya ce, "Waziri ya faɗi abin da kakanni suka sani, Sarkin Yaƙi ya faɗi abin da zuciyarsa ta raya masa. A cikinku mutum ɗaya ne ya shiga ruwan. Sarkin Ruwa, tashi ka gaya mana."

Tunau ya miƙe. Gaskiya na nan a kan harshensa, kalma biyar ta ishe shi. Ya dubi Waziri, ya dubi layin rawuna da ke jiran jin bakinsa, ya hango yadda fuskokin nan za su koma in ya ambaci kududdufi. Sai ya ji kansa yana cewa, "Allah ya ja zamanin sarki, Wuyan Raƙumi gaba huɗu. Bakin Ƙwarya iya ƙugu."

Jatau ya kafe shi da ido. "Bana ka auna, Sarkin Ruwa?"

"Fada duka ta ga lakata," in ji Tunau.

Shi ke nan magana ta ƙare. Sarki ya ba da umarni a kai sarƙa da dukkan runduna Wuyan Raƙumi, Waziri ya fita yana taku ɗaiɗai kamar shi ya ci yaƙin. Tunau ya koma gida, aka kawo masa tuwo ya kasa kai loma baki.

Washegari da hantsi aka ce masa yana da baƙuwa daga tunga. Yayarsa ce Gwamma, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya shi bayan uwarsu ta rasu, ita ce kuma shugabar mata masu bandar kifi. Ta ƙi tabarmar da aka shimfiɗa mata a zaure, ta ce a nuna mata bayan gida. Can ya tarar da ita tsaye bakin kududdufi, ta ɗora hannu a ƙugu.

"Yaya, sannu da zuwa. Ya kika tsaya a nan?"

"Na zo ganin tekunka ne, Tunau. To, ma sha Allah, ba laifi. Har da kwaɗi."

Ya yi kamar bai gane ba, ta ɗaga masa hannu. "Kai, rufe min baki. Shekara huɗu ba mai rai da ya ga ƙeyarka a Bakin Ƙwarya ranar awo. Kana tsammani makafi ne a tunga? Kowa ya sani, har 'yan matan da ke wanke kifi. Shiru aka yi saboda darajar Baba, ba don kai ba. In an tambaye ni sai in ce ƙila ta wani gefen ka shiga. Ni ma ka mai da ni maƙaryaciya da furfurata."

Tunau ya sunkuyar da kai. "Yaya, ba ki san fada ba. Ba ki ga yadda suke kallon mutum ba."

"A'a, ban sani ba, kifi na sani. Amma ji abin da ya kawo ni. Jiya mun ji shelar an kwashe mayaƙa duk an yi arewa da su, wai Bakin Ƙwarya iya ƙugu. Ƙugun wa? Mijina Nomau ya saki dutsen taru a tsakiyarta tun bara, igiya ta ƙare bai taɓa ƙasa ba. Ya so ya zo ya faɗa, na ce masa ya zauna, kora za a yi da shi. Sannan kafin damina ta ɗauke wasu baƙi uku sun zo wai masu sayen banda, kullum suna yawo a kwale-kwale suna sakin dutse da igiya. Kifi ɗaya ba su saya ba." Ta matso kusa da shi, muryarta ta yi ƙasa. "Baƙi sun auna ruwan ubanka, Tunau, kai ba ka auna ba. Kuma mu ne a bakin ƙofar, ni da 'ya'yana da jikokin Baba gaba ɗaya."

Tunau ya juya. Ya shiga ɗaki ya tuɓe, ya lalubo warkin da ya yi tauri a ƙasan adaka, da ƙyar ya zagaye cikinsa. Ya saɓa gora ya bi bayan yayarsa har tunga. Masunta suka miƙe daga bakin tarunansu suna kallonsa, ba wanda ya gaishe shi, ba kuma wanda ya zage shi. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya shiga ruwa da ƙafa. Iya gwiwa, iya ƙugu, kamar yadda ya faɗa a fada, har ransa ya fara sanyi. Bai yi taku ɗari ba ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinsa, ya nutse ya sha ruwa, ya taso yana tari. Gorar gidansu gaba uku ce. Ya soka ta tsaye, ta shige duka, hannunsa ya bi ta har kafaɗa, ba ta taɓa komai ba. Ya wuni yana bin wurin yana lalube har la'asar, ya gane ruwa ya haƙa wani kwari a tsakiyar mashigin daga teku har tafki, faɗinsa ya ishi babban jirgi ya wuce a sake.

Daga nan fada ya nufa da ƙafa, ta tsakiyar kasuwa, baƙar laka har cinya, ƙudaje na binsa. A ƙofar soro Waziri ya tare shi, ya dube shi sama da ƙasa ya gane akwai magana. Ya ja shi gefe ya ce, "Sarkin Ruwa, yau ba ranar awo ba ce. Ko mene ne ka gani, an riga an yanke shawara a kan maganarka, ni kuma na ɗora tawa a kai. In ka warware ta, kanka za ka fara yankewa. Je ka yi wanka, mu yi magana irin ta manya."

"Ranka ya daɗe, wankan ne ya kawo mu nan," in ji Tunau, ya raɓa shi ya shige.

Ya zube gaban sarki, goshinsa a ƙasa, ya faɗi kome bai rage ba, har garin gawayin. Wannan karon ba wanda ya toshe hanci, ba wanda ya yi dariya. Ya ji muryarsa na yawo cikin soron ita kaɗai, kowace kalma in ta fita sai ya ji kamar tufa ake cire masa a bainar jama'a. Da ya kai ga zurfin kwarin, Jatau ya yi salati da ƙarfi.

Sarki ya dubi lakar da ke jikin Tunau. Can ya ce, "Ɗan Barmo, ubanka ya tsaya inda kake durƙushe sau talatin. Ina yaro nakan ɓuya bayan labule in yi masa dariya, ubana ya kama ni ya ce, warin nan da kake ji shi ne ganuwar garinku. Shekara huɗu kana shigowa gidana kana yi min ƙarya ido da ido, ni kuma ina sa maka albarka. Da kai kaɗai ka cuta da na bar ka da Allah. Daga yau babu rawanina a kanka. Abin da ya saura na hukuncinka sai bayan yaƙi, in akwai sauran Sabarga da za a yi hukunci a cikinta." Ya juya. "Sarkin Yaƙi, kwana nawa ake ɗauke sarƙa a kai ta kudu?"

"Shida, Allah ya ba ka nasara. Muna da biyu. Kuma Bakin Ƙwarya ta fi sarƙar faɗi."

Tunau bai ɗago ba ya ce, "Zaki, in an yarda bawa ya yi magana. Mashigin ne ke da faɗi, kwarin siriri ne. Akwai tsofaffin jiragen dakon gishiri goma sha biyu a bakin tafki. A cika su da dutse a nutsar da su a maƙurar kwarin. Mutanen Tambagu da awonsu suka dogara, ba za su tsaya dubawa ba. Na san inda maƙurar take, yau na taɓa ta da hannuna."

Waziri ya ce wanda ya yi ƙarya shekara huɗu ba a ɗora ƙasa a kan maganarsa ta yini ɗaya. Jatau ya ce shi hancinsa ya shaida masa wannan lakar ta gaske ce. Sarki ya ce, "Ku ba shi jiragen. Ku rushe sabon soron da nake ginawa ku ba shi duwatsun. Sarkin Yaƙi, ɗebi rabin maharba ka bi shi. Amma a sani, masunci na aika, ba ni da Sarkin Ruwa."

Yini biyu ana lodin dutse. Masuntan tunga ne suka ja jiragen da igiya, Nomau mijin Gwamma a gaba, Tunau kuma a cikin ruwa yana nuna inda za a tsai da kowanne kafin a fasa gindinsa. Da na ƙarshe ya nutse ruwa ya rufe a kansu lumui, ko alama babu. Maharban Jatau da suka sami isowa suka kwanta cikin ciyayin tsibiri. Ba su kai yadda ake so ba, don hanya daga arewa da nisa, kuma ba a sami waɗanda za a ajiye su tsare tunga ba.

Rana ta uku da hantsi, lokacin da ruwan teku ke tasowa ya cika mashigi, jiragen Tambagu suka bayyana. Ko kallon Wuyan Raƙumi ba su yi ba. Suka yi layi ɗaya suka miƙo Bakin Ƙwarya da gudu, ganguna na tashi, iska na tura su. Na gaba, mai tutar sarkinsu, ya daki duwatsun da wata ƙara da aka ji har birni, ya tsage daga ƙirji. Na biyu ya hau kansa, na uku ya kauce dama ya kafe a yashi, na bayansu suka yi ta karo da juna ba wurin juyawa. Sai Jatau ya busa ƙaho. Kibau masu wuta suka taso daga tsibiri, masunta suka fito da kwale-kwale ta kowane lungu suna cinna wa jiragen da suka maƙale wuta. Kafin azahar ruwa ya fara janyewa, waɗanda ba su ƙone ba suka kwanta a gefe kamar shanun da suka ƙoshi. Jirage ashirin da 'yan kai da ke can baya ne kawai suka samu suka juya teku.

Amma mayaƙan da suka diro daga jiragen gefen kudu sun tarar da ruwa iya ƙugu, suka tako zuwa gaɓa, ba abin da ke gabansu sai tunga. Kafin Jatau ya ƙetaro da mutanensa sun ƙone rabinta. Nomau ya tsaya a bakin hanya da mashin kifi don mata da yara su samu su tsere, a nan aka kashe shi tare da mutum goma sha ɗaya.

Da la'asar tambura suka kama tashi daga birni. Tunau ya tarar da yayarsa zaune kan wani kifaffen kwale-kwale, an rufe gawar mijinta da tabarma a gabanta. Ya durƙusa nesa kaɗan. Ya so ya ce ta yafe masa, sai ya ga roƙon ma wani nauyi ne zai ƙara ɗora mata.

Ba ta dube shi ba ta ce, "Ka gama?"

"An kore su, Yaya."

"Ban tambaye ka su ba. Baba mashigi biyu yake aunawa. Kai ɗaya ka auna."

Ya kwana cikin masu haƙar kabari. Da gari ya waye, bayan an binne mutanen, ya ɗauki gora ya shiga wani ƙaramin kwale-kwale ya yi arewa. Rana ta take tsaka ya isa Wuyan Raƙumi. Sarƙa na nan gitte a kan gumagumai, mayaƙan da suka kwana uku suna gadinta ba su harba ko kibiya ɗaya ba suna zaune a gaɓa suna hira. Ya tuƙa har tsakiyar mashigin, daidai inda ubansa ya taɓa nuna masa ya ce ko raƙumi biyu aka ɗora kan juna sai sun nutse. Ya ja numfashi ya cika ƙirji, ya faɗa ruwa.

Ƙafafunsa suka daki yashi har sai da gwiwarsa ta amsa. Ya miƙe tsaye, ruwa iya ƙirjinsa. Mayaƙan gaɓa suka tuntsure da dariya, suna tsammani wani wasan masunta ne. Ya yi gaba yana soka gora hagu da dama yana neman inda kwarin ya koma, ya bi mashigin daga bakin teku har bakin tafki, ya dawo ya ratsa shi a gicciye. Ba inda ruwa ya wuce haɓarsa. Da ya taka tsibiri ya juyo, dariyar ta daɗe da mutuwa, mutum ɗari sun miƙe tsaye suna kallonsa.

A nan ya zauna a kan yashi ya fahimci abin da ya faru. Shekara huɗu kogi na cike Wuyan Raƙumi kaɗan-kaɗan, daminar bana ta ƙarasa, ruwan da ya rasa hanya shi ne ya je ya haƙa Bakin Ƙwarya. Da an sani tun farko da an sa mutane sun yashe, ko a mai da tashar fatake kudu. Allah ya rufe wa Sabarga ƙofa ɗaya ya buɗe mata wata, shi kuma da hannunsa ya cusa wa sabuwar jirgi goma sha biyu na dutse, ga gawarwakin jiragen Tambagu sun hau kai. Damina ɗaya ta ishi yashi ya binne su, ba mai iya ɗaga su har abada.

Yana nan zaune sai ga kwale-kwalen fada, Shamaki bafaden sarki a ciki da wani ƙunshi a cinyarsa. Ya sauko da fara'a ya ce, "Albishirinka, ɗan Barmo. Tun safe nake nemanka. Sarki ya ce laifinka babba ne, amma aikinka ya fi shi. Ga rawaninka ya mayar maka, ga alkyabba ta ƙari. Ya ce ka yi wanka ka shirya, yau a damansa za ka zauna, Waziri ma a bayanka."

Tunau ya dubi ƙunshin. Fatake ba za su dawo ba sai bayan wata uku, mayaƙan nan kuwa doka ta hana su buɗe baki a fada. Wata uku a daman sarki. Abin da ya fi ba shi kunya a duk rayuwarsa shi ne, sai da ransa ya so.

"Shamaki, riƙe kayan nan a wurinka," ya ce. "Wuce gaba ka ce a tsai da tambura. Ka ce mai awo na tafe."

Shamaki bai tsai da su ba, don ba ya son ya zama mai ɓata biki. Tunau ya shiga soro ana tsakiyar kiɗa, maroƙa na wasa Jatau, fadawa na ta kirari. Sarki ya hango shi tsirara sai warki, ya ɗaga hannu, kiɗa ya yanke.

"Ɗan Barmo, ba a kai maka saƙona ba?"

"An kai, Allah ya ja zamanin sarki. Na zo da sauran awo ne." Ya dogara da gora. "Bakin Ƙwarya na toshe ta da hannuna, kowa ya gani. Wuyan Raƙumi kuwa, Zaki, yau da ƙafa na ƙetare shi. Jirgin da ya fita daga Sabarga bara shi ne na ƙarshe."

Sarki Mijinyawa ya juya a hankali ya dubi tagar gabas, inda tafkin ke ƙyalli cikin rana, faɗinsa bai ragu da ko taƙi ɗaya ba. A waje talakawa ba su ji komai ba tukuna, suna ta guɗa.